Yadda zaka binciki m6A da yanke-haɗen RNA a kansar bututun abinci, mataki-mataki, ba tare da ka ruɗi kanka ba

Duk wanda ya taɓa ganin mai kansar bututun abinci ya san abin ba wasa bane. Mutum ya fara da cewa abinci na tsaya masa a ƙirji, sai ya koma mai ruwa-ruwa, daga nan har ruwan ma ya gagara haɗiya, jiki ya zube, kuma yawanci kafin a kai ga gane cutar ta riga tayi nisa. Ƙiyasin GLOBOCAN, kundin ƙididdigar kansa na duniya, na 2020 ya nuna mutum kusan 604,000 suka kamu a shekarar, kusan 544,000 suka rasu, kaga tazarar dake tsakanin lambobin biyu ƴar kaɗan ce. Ko a Amurka da suke da kayan aiki, waɗanda ke kaiwa shekara 5 bayan gano cutar basu wuce kusan kashi 20 cikin ɗari ba. Shi yasa masu bincike suka duƙufa neman alamar da zata nuna tun da wuri wane mara lafiya ne cutarsa zatayi saurin tsananta, wane ne zata ɗaga masa ƙafa.

Ɗaya daga cikin hanyoyin da ake bi sosai yanzu shine haɗa metileshan na RNA, wato tambarin m6A, da yanke-haɗen RNA a gina ma'aunin hasashe. Aikin yana yiwuwa da kwamfutarka da manhajar R kawai, bayanan kyauta ne, amma wallahi sauƙin nasa shine tarkonsa, don cikin kwana biyu zaka iya fitar da zane mai kyau wanda baya nufin komai. Toh ga yadda nake ganin ya kamata a bi shi.

Kafin ka sauke komai, fahimci abu biyun nan

Jin, wato ƙwayar gado, idan za'a karanta shi ana fara kwafo shi zuwa RNA, kwafin nan na farko yana ɗauke da guntaye masu amfani da ake kira ekson da kuma na tsakani da ake kira intiron. Sai a yanke intiron a zubar, a ɗinke ekson da ekson, wannan shine yanke-haɗe. Tun 1977 aka gano haka, Phillip Sharp da Richard Roberts suka samu kyautar Nobel a kai a 1993. Abin mamakin shine ba ɗinki ɗaya ake yi ba, kamar tela ne da yadi ɗaya, yau ya saka wannan ƙyallen gobe ya tsallake shi, rigar ta fito daban. Kusan kashi 95 cikin ɗari na jin ɗin ɗan Adam masu ekson da yawa ana musu irin wannan sauyin ɗinki, shi yasa jin kusan 20,000 suke bada nau'in furotin da ya ninka haka.

Shi kuma m6A ɗan tambari ne na metil da ake maƙalawa a jikin harafin A na RNA. An san shi tun 1974 amma ya daɗe a ajiye, sai a 2011 da ɗakin binciken Chuan He a Jami'ar Shikago suka nuna cewa FTO na iya goge shi, a 2012 kuma aka fito da dabarar MeRIP-seq ta gano inda yake a faɗin RNA, daga nan fagen ya buɗe. Akwai masu rubuta tambarin: METTL3 da METTL14 da WTAP, da mataimaka irin su VIRMA da RBM15 da ZC3H13. Akwai masu gogewa, FTO da ALKBH5. Sai masu karantawa, dangin YTHDF da YTHDC da IGF2BP da HNRNPC da HNRNPA2B1. Waɗannan furotin gaba ɗaya su ne masu kula da m6A. Inda abu biyun suka haɗu shine cikin cibiyar ƙwayar halitta, YTHDC1 idan ya kama tambarin yana jawo furotin ɗin yanke-haɗe SRSF3 ya kuma tare ɗan'uwansa SRSF10, sai a bar ekson ɗin a ciki maimakon a tsallake shi, an nuna wannan a 2016. HNRNPC kuma tambarin ne yake warware naɗin RNA ɗin ya buɗe masa wurin zama. Saboda haka tambayar binciken tana da tushe, ba shaci-faɗi bace.

Mataki na farko: raba cutar gida biyu

Wannan shine matakin da nafi damuwa dashi, kuma shi aka fi tsallakewa. Abin da muke kira kansar bututun abinci cuta biyu ce. Akwai ta ƙwayoyin shimfiɗar bututun, ESCC, wadda ke da alaƙa da taba da giya da abin sha mai tsananin zafi, ita tafi yawa a duniya musamman a Chaina da gabashin Afirka. Akwai kuma adinokasinoma, EAC, wadda ke fitowa a ƙasan bututun kusa da ciki, tana biyo bayan dawowar ruwan ciki mai tsami da larurar Barrett, wato sauyewar shimfiɗar ƙasan bututun, da ƙiba, ita tafi yawa a Amurka da yammacin Turai. A 2017 masu aikin TCGA, babban kundin bayanan gadon kansa na Amurka, suka fitar da nazarin ƙari 164 a mujallar Nature, suka nuna ESCC tafi kama da kansar kai da wuya, EAC kuma tafi kama da wani nau'in kansar ciki, fiye da yadda su biyun suke kama da juna.

Rukunin TCGA-ESCA, wato na kansar bututun abinci, mutum 185 ne, kusan rabi da rabi. Idan ka zuba su a tukunya ɗaya, duk wani jin da ya bambanta tsakanin nau'in biyu zai fito maka kamar wani babban gano. Ni kaina a aikina na farko haka nayi, na raba marasa lafiya gida biyu bisa matakin masu kula da m6A, rukunan suka rabu tsaf, zanen yayi kyau, sai da na ɗora layin nau'in ƙari a saman zanen naga ashe ESCC na ware gefe ɗaya EAC gefe ɗaya, abin da likitan da ya duba naman a madubi ya riga ya rubuta tun farko. Don Allah ka raba tun daga ranar farko, ko da adadin zai ragu ya koma ƙasa da ɗari a kowane ɓangare.

Mataki na biyu: sauke bayanai, ka tsaftace su da hannunka

Abu uku kake buƙata. Matakin bayyanar jin, daga GDC ko UCSC Xena, ko ta TCGAbiolinks a cikin R. Bayanan asibiti, inda nafi son teburin TCGA-CDR da aka tace aka fitar a 2018. Sai bayanan yanke-haɗe daga TCGA SpliceSeq na cibiyar MD Anderson.

Anan akwai wani ruɗani da yake kama sababbi. A TCGA zaka ga fayil an rubuta metileshan, kar kayi murna, wannan na DNA ne, da na'urar Illumina 450K aka auna shi, ba ruwansa da m6A. TCGA bata auna m6A ba sam. Abin da kake dashi shine yawan RNA na METTL3 da FTO da sauransu, wato kana ƙirga ma'aikata ne, baka ga aikin da sukayi ba. Yawan METTL3 baya tabbatar da yawan tambari a kan wani takamaiman RNA. Ka riƙe wannan a ranka har ƙarshe, don shi zai hana ka rubuta abin da bayananka basu faɗa ba.

Ka duba lambar kowane samfur, inda aka rubuta 01 ƙari ne na asali, 11 kuma nama mai lafiya na gefe. Masu lafiyar a ESCA basu kai 20 ba, don haka kwatanta ƙari da mai lafiya anan yana da rauni. Wasu suna ciko da GTEx, kundin bayanan nama mai lafiya, ba laifi, amma ka ɗauki wanda aka sake sarrafawa tare ta hanyar Toil a Xena, kuma ka zaɓi naman shimfiɗar bututun ba na tsoka ba, in ba haka ba tsoka kake kwatantawa da ƙari.

Wurin lokacin rayuwa: wanda ya rasu ka ɗauki kwanakin da yayi zuwa rasuwa, wanda yake raye ka ɗauki kwanakin zuwa ganin ƙarshe da aka masa. Da yawa suna cire waɗanda bibiyarsu bata kai kwana 30 ba saboda mutuwar tasu zata iya zama ta matsalar tiyata ce. Kayi ko kar kayi, amma ka yanke shawarar kafin ka ga sakamako kuma ka rubuta.

Mataki na uku: gane PSI

SpliceSeq ya kasa sauyin ɗinki gida 7: ES tsallake ekson, RI barin intiron a ciki, AA da AD sauya bakin yanka ta gaba ko ta baya, AP sauya mafari, AT sauya ƙarshe, ME kuma ekson biyu da basa zama tare, in an ɗauki ɗaya an bar ɗaya. Kowane lamari yana da lamba PSI daga 0 zuwa 1. A sauƙaƙe, idan cikin karatu 100 da suka ratsa wurin, 80 sun nuna ekson ɗin yana ciki 20 sun nuna an tsallake shi, PSI ya kusa 0.8 kenan, bayan an ɗan gyara don tsawo.

Buɗe fayil ɗin ka kalle shi da idonka kafin ka rubuta layin umarni ko ɗaya. Zaka ga layuka dubbai, wasu cike da gurbi babu lamba, wasu kuma kowa 1.0 ko kowa 0.99 daga farko har ƙarshe. Irin waɗannan basu da abin faɗa. Abin da aka saba shine a bar lamarin da aƙalla kashi 75 cikin ɗari na samfura suke da lambarsa, a zubar da waɗanda basa motsi. Ni ina ƙara tsanantawa fiye da haka, don lamarin da bambancinsa tsakanin mutane bai wuce 0.02 ba, babu gwajin asibitin da zai iya kama shi ko da lissafi yace yana da muhimmanci. Guraben da suka rage zaka iya cikewa da dabarar maƙwabta mafi kusa, amma in gurbin yayi yawa to lambar da ka ƙirƙira kake nazari.

Wani abu da ba'a cika faɗa ba: AP da AT ba yanke-haɗe bane a haƙiƙa, zaɓin inda za'a fara kwafi ne da inda za'a tsaya. Suna da muhimmanci, misali TP63 a ESCC nau'in da ke da gajeren kai shine yake rinjaye kuma daga mafari na daban yake fitowa, amma idan ma'auninka duk AP da AT ne, kar kace YTHDC1 ne ya ɗinka su.

Mataki na huɗu: tace da Cox, a hankali

Yanzu kowane lamari zaka gwada shi shi kaɗai da lissafin Cox, ka ga ko PSI ɗinsa na tafiya da tsawon rai. A nan gizo yake saƙa. Ace lamura 30,000 ka gwada ka saka iyakar p, lambar da ke auna ko sa'a kaɗai zata iya kawo sakamakon, a 0.05, ko da babu ko ɗaya mai alaƙa ta gaskiya kusan 1,500 zasu tsallake don sa'a kawai. Mutum sai ya ga dubu da wani abu sun fito ya ɗauka ya haƙo zinare. Kayi gyaran Benjamini da Hochberg mai rage masu tsallakewa don sa'a, idan bayan gyaran saura ƴan kaɗan ko ma babu, to gaskiyar bayanan kenan, ka faɗe ta haka.

Haka zaka yiwa masu kula da m6A ɗin, su basu da yawa, 20 da ɗoriya ne gwargwadon jerin da ka ɗauka. Daga nan ka duba dangantaka tsakanin matakinsu da PSI na lamuran da suka tsira, da lissafin Spearman, in kana so ka ƙara da furotin masu yanke-haɗe daga kundin SpliceAid2, ka zana ragar a Cytoscape. Ragar tana da kyau a ido amma shawara kawai take baka ta inda zaka tona.

Ka kuma yi hattara da tsarkin ƙari. Naman da aka yanko ba ƙwayoyin kansa zalla bane, akwai na garkuwar jiki da na nama mai riƙewa a ciki. FGFR2 misali ne mai kyau, ƙwayoyin shimfiɗa suna ɗaukar ekson IIIb, masu riƙewa suna ɗaukar IIIc, CD44 ma haka nau'insa ya bambanta tsakanin su. Kaga idan samfurin wani yafi yawan nama mai riƙewa PSI ɗinsa zai sauya ba tare da kansar ta sauya komai ba. Ka lissafa tsarkin da ESTIMATE ka saka shi cikin lissafin.

Mataki na biyar: gina ma'aunin

Waɗanda suka rage ka shigar dasu LASSO ta glmnet, da gwajin juyawa kashi 10, wato a gina da kashi 9 a gwada a kan na 10 ana juyawa, LASSO zai matse marasa ƙarfi su koma sifili. Ka maimaita shi sau da yawa da lambar farawa daban-daban, zaka sha mamaki, jerin yana sauyawa. Waɗanda suke dawowa kusan kullum su ne abin riƙewa. Sai Cox na haɗaka, makin haɗarin kowane mutum shine ka ninka PSI na kowane lamari da nauyinsa ka tara.

Nawa zaka saka a ciki? Ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce mutuwa kusan 10 ga kowane abu ɗaya da ka saka, mutuwa fa, ba yawan marasa lafiya ba. Ka ƙirga waɗanda suka rasu a ɓangaren ESCC kaɗai zaka ga bazasu ɗauki abu 15 ba, 3 ko 4 ne iyaka. Ma'auni mai lamura da yawa a kan mutane kaɗan haddace su yake, kamar ɗalibin da ya haddace amsoshin bara, ranar da aka sauya tambaya shikenan.

Bayan haka sai ka raba mutane a tsakiyar maki, ka zana Kaplan-Meier, layukan rayuwar rukunan biyu, ka fitar da ROC, zanen ƙarfin hasashen ma'aunin, na shekara 1 da 2 da 3 da timeROC. Kar kaje kana matsar da wurin rabawa har sai layukan sun buɗe yadda kake so. In kuma ka ga AUC, makin ROC ɗin da ƙololuwarsa 1 ce, ya haura 0.9 a kan mutanen da ka gina ma'aunin dasu, wannan abin tsoro ne ba abin murna ba.

Mataki na shida: shin ya fi abin da likita ke dashi a hannu?

Likita ya riga yana da TNM, zurfin ƙarin, ƙulluwan da ya kama, da ko ya bazu, kuma bugu na 8 na AJCC ma tsari daban ya bawa ESCC da EAC. Saboda haka ka gina ma'auni na matakin cuta da shekaru da jinsi kawai, ka ɗauki C-index ɗinsa, wato makin daidaiton hasashensa, sannan ka ƙara makinka ka ga ko ya motsa. In bai motsa ba, ma'auninka maimaita abin da aka sani yake. Ka tuna kuma samfuran TCGA galibi na waɗanda aka yiwa tiyata ne kafin wani magani, alhali tun bayan gwajin CROSS na 2012 da yawa ana fara musu kemo da haske ne kafin wuƙa, don haka ba kai tsaye sakamakonka zai hau kansu ba.

Mataki na bakwai: gwada shi a wajen gida

Kowa yana rugawa GSE53625, marasa lafiya 179 masu ESCC daga Chaina, ƙari da nama mai lafiya na kowanne, da bayanan rayuwa. Rukuni ne mai kyau don gwada matakin METTL3 ko HNRNPC ko IGF2BP. Amma da maikuro'are aka auna shi, na'urar da yawan RNA na jin kawai take aunawa, bazaka samu PSI a ciki ba, don haka bazai tabbatar maka da ma'aunin yanke-haɗe ba. Don wannan sai ka nemi ɗanyen RNA-seq mai bayanan rayuwa ka sarrafa da rMATS ko SUPPA2 ko MAJIQ, kuma sunayen lamuran bazasu zo ɗaya da na SpliceSeq ba, sai ka bi adireshin ekson a kan kuromosom ɗaya bayan ɗaya, ka kula da wane bugun jinom kowanne yayi amfani dashi. Aiki ne mai cin rai amma shine ainihin gwajin. In babu rukunin waje, kayi butsitiraf, wato sake ɗibar samfuri daga cikin mutanen naka sau da yawa, ka kuma tabbata kowane zagaye ya haɗa har da matakin tace lamuran tun daga farko, ba ƙarshen kawai ba, sannan ka rubuta ƙarara cewa ba'a gwada shi a waje ba. Jagororin REMARK da TRIPOD zasu nuna maka abin da ya wajaba ka bayyana.

Mataki na takwas: shiga ɗakin gwaji

In kana da dama ko abokin aiki mai ɗakin gwaji, ɗauki lamari ɗaya ko biyu mafi ƙarfi, musamman ES. Ka tsara firaima biyu a ekson na hagu da na dama, kayi RT-PCR don ninka guntun dake tsakaninsu, ka zuba a jel. Idan ka kunna fitilar zaka ga layi biyu a rami ɗaya, na sama mai nauyi shine mai ekson, na ƙasa wanda aka tsallake, kason kaurin na sama cikin jimlar su biyun shine kusan PSI ɗin da ka daɗe kana kallo a tebur, yanzu gashi a gabanka. Sai ka rage METTL3 ko YTHDC1 a ƙwayoyin kansa da ake reno a ɗakin gwaji, ko ka saka STM2457 mai toshe METTL3 wanda aka bayyana a 2021, ka ga ko kaurin layukan ya juya. Sannan MeRIP-qPCR don ka tabbatar akwai tambarin kusa da ekson ɗin, ka nemi tsarin DRACH, jerin haruffan da tambarin ke zama a kai, a wurin, in ka sauya harafin A ɗin tasirin ya ɓace to yanzu kana da hujjar cewa m6A ne.

Ƙwayoyin da zaka yi aiki dasu su dace da nau'in: KYSE30, KYSE150 ko TE-1 don ESCC, OE33, OE19 ko FLO-1 don EAC, Het-1A a matsayin mai lafiya. Ka tura a tantance su da gwajin STR kafin ka fara. A 2010 an gano cewa SEG-1 da BIC-1 da SK-GT-5, waɗanda aka shekara ana amfani dasu da sunan EAC, ashe na huhu ne da na hanji da na ciki, bayan an riga an wallafa takardu masu yawa a kansu har an ɗora gwajin magani a kan marasa lafiya bisa sakamakon. Takardar tantancewar ka ajiye ta tare da lambar zagayen ƙwayoyin, mujallu da yawa yanzu sai sun gani kafin su karɓi aikin.